Ina Takin Da Aka Zuba A Gona Yake Tafiya?

Kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, kuma da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarmu daga rumbu yake fitowa. Saboda haka nake ganin ba laifi ba ne in ari wannan fili in yi magana a kan takin zamani, wanda kowace shekara iyayenmu ke sayar da akuya ko buhun gyaɗa domin su saya. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan aka zuba buhu guda a gona, nawa ne daga ciki yake shiga jikin shuka, kuma sauran ina yake tafiya?

Bari mu fara da lissafi. A jikin buhun takin da manoma ke kira kamfa akwai lambobi uku, 15-15-15. Ta farko ta naitirojin ce, ta tsakiya ta fosforas, ta ƙarshe ta fotasiyam. Ta tsakiyar nan ita ce abin maganarmu. A yadda masu yin taki ke ƙidaya, wannan 15 ɗin nauyin fosforas ne haɗe da iskar oksijin, don haka idan aka ware fosforas tsantsa a buhu mai kilo 50, abin da za a samu bai wuce kilo 3 da ɗan ɗoriya ba. To, masana aikin gona sun daɗe da gano cewa a shekarar da aka zuba shi, shuka ba ta cika shan fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na wannan ɗan abin ba. Watau idan an yi sa'a ta sha kashi ɗaya cikin biyar, abin da ya shiga jikin masara ko dawa daga buhu guda bai kai kilo ɗaya ba. Sauran yana nan a gonar, ruwa bai tafi da shi ba, rana ba ta ƙone shi ba, amma ƙasa ta riƙe shi gam.

Kafin mu ga yadda ƙasa ke yin wannan riƙo, ya kamata mu san shi kansa fosforas ɗin. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a birnin Hambag a shekarar 1669, kuma abin dariya, zinariya yake nema a cikin fitsari. Bai sami zinariya ba, ya sami wani abu mai ƙyalli a cikin duhu. Daga baya aka gane cewa babu mai rai da zai rayu ba tare da shi ba. Shi da kalsiyam ne suka gina ƙashi da haƙoranmu, kuma a jikin tsiro shi ke ɗaukar ƙarfi daga inda aka samo shi zuwa inda ake bukatarsa. Shi ke sa saiwa ta bazu, fure ya fito da wuri, ƙwaya ta cika. Duk wanda ya taɓa ganin masara 'yar mako uku ta tsumbure, gefen ganyenta na ƙasa ya koma shunayya, to ya ga yunwar fosforas da idonsa. Irin wannan gona ita ce ke makara wajen nuna, ruwa ya ɗauke ya bar ta.

To me ke riƙe shi? Mu dubi jar ƙasa da marmara. Jan da muke gani ba wani abu ba ne illa tsatsa, irin wadda ke kama tsohuwar fartanya, watau ƙarfe ne da ya haɗu da iska da ruwa. Tare da ita akwai makamanciyarta ta alminiyam, wadda ba ta da launi. Waɗannan biyu suna lulluɓe ƙwayoyin ƙasa, kuma Allah ya yi su da son fosforas. Da zarar ƙwayar taki ta narke, sai su cafke shi ya manne a jikinsu, kuma gwargwadon daɗewarsa a manne, gwargwadon wuyar ɓamɓaruwarsa. Wannan ya fi tsanani a ƙasa mai tsami. Masana suna auna tsamin ƙasa da ma'aunin da suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Idan ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, alminiyam yana narkewa ya shiga ruwan ƙasa, ya ƙara kama fosforas, sa'an nan ya ƙone bakin saiwa. Idan kuma ƙasa ta haura 7 sosai, kamar wasu wurare na baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da ake kira firgi, sai kalsiyam ya karɓi aikin, ya haɗu da fosforas su zama wani abu ɗan'uwan ƙashi, wanda ruwa ba ya narkarwa. Tsakanin 6 da 7 ne shuka ta fi samun sauƙi.

Akwai kuma wata matsala. Naitirojin yana bin ruwa ya je ya sami saiwa inda take. Fosforas kuwa malalaci ne, a damina guda tafiyarsa cikin ƙasa ba ta wuce 'yan milimita. Saiwa ce dole ta je ta same shi, kuma da ta shanye na kusa da ita sai ta zauna a tsakiyar fili wayam.

Yanzu mu zo ga tsami. Abin da masana kimiyya ke kira asid iri biyu ne a wannan magana. Akwai mai zafi irin ruwan batirin mota, wanda ake yi a masana'anta. Akwai kuma wanda masu rai ke yi a jikinsu, shi ne zan riƙa kira tsamin halitta, kuma iyayenmu mata sun fi kowa saninsa ko da ba su san sunayensa na boko ba. Na lemon tsami sunansa sitirik. Na tsamiya tatarik. Na nono laktik. Wanda ke cikin alayyafo ogzalik, akwai kuma malik da ake samu a 'ya'yan itatuwa da yawa. Duk wanda ya ga an goge tabon tsatsa a jikin riga da lemon tsami, ko an wanke kwanon tagulla da tsamiya ya fito yana walƙiya, to ya riga ya ga rabin darasin nan. Tsamin halitta yana da wasu sassa a jikinsa da za mu iya kira hannuwa, waɗanda yake damƙar ƙarfe da su ya shiga da shi cikin ruwa. Abin da yake yi wa tsatsar riga shi yake yi wa tsatsar ƙasa, kuma idan ya janye ƙarfe ko alminiyam, fosforas ɗin da ke manne da su sai ya kuɓuta ya shiga ruwan ƙasa inda saiwa za ta iya sha.

Ba lallai sai ya narkar da tsatsar duka ba. Wuraren da fosforas ke mannewa a jikin ƙwayar ƙasa ƙidayayyu ne, kamar kujerun motar haya, kuma shi ma tsamin halitta irin waɗannan kujeru yake so. Idan ya zo da yawa yana iya tayar da fosforas ya zauna a madadinsa. Idan kuwa ya riga shi zuwa, to fosforas ɗin da zai fito daga takin zamani sai ya tarar babu wurin zama, ya ci gaba da yawo cikin ruwa har saiwa ta same shi. A ganina wannan ita ce ta fi amfani ga manomi, domin hana kamu ya fi ƙwato wanda aka kama sauƙi. A ƙasa mai kalsiyam kuwa aikin ya haɗa da zafin tsamin kansa. Wanda yake son gani da idonsa ya sami siririn ƙashin kaza ya jiƙa cikin ruwan lemon tsami, yana sake ruwan bayan kwana biyu-biyu. Bayan mako ɗaya ko biyu zai tarar ƙashin ya yi laushi yana lanƙwasuwa, domin kalsiyam da fosforas da suka ba shi tauri sun narke sun fita.

Su ma tsamin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma bambancin yana ga yawan hannuwa. Sitirik yana da uku, saboda haka yana rungumar ƙarfe ta kowane gefe, shi ne sarkinsu a wannan aiki. Ogzalik da malik da tatarik biyu-biyu gare su, ogzalik ne ke bin bayan sitirik, musamman wajen kama kalsiyam. Na nono hannu ɗaya gare shi, aikinsa a nan kaɗan ne ƙwarai.

Daga ina suke shiga ƙasa, tun da ba wanda ke zuba lemo a gona? Hanya ta farko ita ce saiwar shuka. Idan tsiro ya ji yunwar fosforas, sai ya riƙa tsattsafo da tsami ta bakin saiwarsa. Gwanin wannan aiki shi ne wani ɗan'uwan wake da ake kira farin lufin, wanda mutanen Masar da Sudan ke ci suna kiransa turmus. Idan ya rasa fosforas sai ya fitar da wasu gajerun saiwoyi cunkus kamar burushi, su yi ta zubo da sitirik a wuri guda. A shekarar 1989 masu bincike a Jamus suka auna, suka tarar sitirik ɗin da ya zubar a wata ƙasa mai kalsiyam ya kusa kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen tsiron. Ku duba irin asarar da tsiro ke yarda ya yi don ya sami wannan sinadari!

Wanda ya fi kusa da mu shi ne waken nan mai tsayi kamar ƙaramin itace, wanda wasu ke kira waken Santambul wasu waken Turawa. Manoman Indiya sun daɗe suna haɗa shi da dawa a gona ɗaya, kuma yana yin kyau a jar ƙasar da sauran amfanin gona ke wahala. A shekarar 1990 masana a cibiyar bincike ta ICRISAT, kusa da birnin Haidarabad, suka bayyana dalili. Saiwarsa tana fitar da wani tsami mai suna fisidik, wanda dangin na tsamiya ne, shi ke ƙwato fosforas daga hannun ƙarfe. Ita ma dawarmu ba a bar ta a baya ba. A shekarar 2007 masana daga Barazil da Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke sa wasu irin dawa su fitar da sitirik idan sun haɗu da alminiyam. Sitirik ɗin yana ɗaure alminiyam kafin ya ƙone bakin saiwa, saiwar ta ci gaba da tsawo, kuma doguwar saiwa ita ce ke kai wa ga fosforas.

Hanya ta biyu ita ce ruɓa, kuma ita ce ke hannun manomi. Kashin shanu da na awaki, karmami, ƙaiƙayi, ganyen gawo da ke zuba da damina, duk idan suka jiƙa ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin su, suna fitar da tsami iri-iri. Wata baƙar fumfuna mai suna Asfajilas tana yin sitirik da yawa, har ma ita masana'antu ke kiwo su sami sitirik ɗin da ake sa wa lemon kwalba. Bayan waɗannan ƙananan tsami akwai manya, su ne ke ba tsohon juji baƙin launinsa, kuma sun fi daɗewa a ƙasa suna tare kujerun da muka ambata. Ashe manoman kewayen birnin Kano da suka yi shekaru aru-aru suna ɗauko taki daga gari a mangalar jaki, da masu ba Filani hatsi don shanu su kwana a gonarsu da rani, sun san abin da suke yi.

Amma fa a nan sai an yi hankali, domin na sha jin ana cewa tun da takin gargajiya yana buɗe abin da ƙasa ta kulle, ba sai an sayi na zamani ba. Wannan magana ba ta cika ba. Da farko dai tsamin halitta ba ya daɗewa. Ƙananan halittun nan da ke yin sa su ne kuma ke cinye shi, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i, wani kuma ƙasa ta kama shi. Saboda haka ba ya taruwa da yawa sai dab da saiwa ko dab da abin da ke ruɓewa, kuma sai ana ƙara abin ruɓa kowace shekara aikin ke ɗorewa. Wanda ya kwarara ruwan tsamiya a gindin masararsa ya yi asarar tsamiyar kunu kawai.

Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne tsami mabuɗi ne, ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a cikin rumbu. A jar ƙasar tsaunukan Jos da Mambila, da ƙasa mai tsami ta kudancin Nijeriya, riƙon yana da ƙarfi, mabuɗin yana da aikin yi sosai. Amma jigawar ƙasar Hausa, tun daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, yashi ya fi yawa, tsatsar ba ta kai ta can ba, riƙon ma bai kai ba. Ciwonta shi ne fosforas ɗin tun asali kaɗan ne, kuma kowace kaka muna kwashe wani a cikin hatsi da kara da harawa mu kai gida ko kasuwa. Gonar da ake buɗewa ana ɗiba ba a mayarwa, ƙarshenta sananne ne. Shi ya sa a irin wannan ƙasa ɗan taki kaɗan ke yin abin mamaki. Masu bincike a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa giram 6 na kamfa, watau kamar cikin marfin kwalbar lemo, idan aka sa shi a ramin shuka yana ɗaga amfanin gero sosai. A can ɗin ne kuma aka ga cewa barin karan gero a gona yana rage tsamin ƙasa da cutarwar alminiyam, yana kuma taimaka wa gero ya sami fosforas.

Wani zai ce, yaya za a yi abin da ke fitar da tsami ya rage tsamin ƙasa? Ai tsiro yana tara kalsiyam da fotasiyam a jikinsa, idan ya ruɓe sai ya mayar da su, su yi aiki irin na kanwa a miyar yakuwa. Shi kuma tsamin halitta, da yake ba mai zafi ba ne, yana ɗaure alminiyam ya wuce. Abin da ke tsamama gona da gaske shi ne yawan zuba takin naitirojin shi kaɗai shekara da shekaru. A Samaru ta Zariya akwai filayen gwaji da aka fara tun shekarar 1950, ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu kuma duka biyu. Filayen da aka yi ta ba takin naitirojin ba tare da kashin shanu ba sun ƙara tsami, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa su suka fi riƙe ƙarfinsu.

Akwai wani wuri kuma da wannan ilmi zai yi mana rana. Duk fosforas ɗin takin zamani daga wani dutse ake samo shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka sani a duniya yana ƙarƙashin ikon Maroko. Dutsen ba ya narkewa a ruwa. A shekarar 1842 wani Bature a Ingila mai suna John Lawes ya yi rajistar dabarar zuba wa ƙashi da irin wannan dutse asid mai zafi don su narke, abin da ya fito shi ne takin sufa da manoman gyaɗa suka sani, wanda aka fara yi a Kaduna a shekarar 1976. To, mu ma muna da dutsen, a jihar Sakkwato da kuma yankin Tawa a Nijar. Idan aka niƙa shi aka watsa a gona haka nan, yana daɗewa kafin ya yi aiki, musamman inda ruwan sama bai da yawa. Amma idan aka cuɗa garin da kashin dabbobi da shara a ramin taki, ana yayyafa ruwa ana juyawa har wata biyu ko uku, tsamin ruɓa yana cin wani sashe nasa a hankali. Bai kai sufa sauri ba, kada a ruɗi kowa, sai dai ga wanda ya tuna yadda kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo a 2008 da 2022, abin dubawa ne.

Saura maganar ƙona gona, wadda nake roƙon iyayenmu su sake dubawa. Gaskiya ne toka tana da fosforas da fotasiyam, kuma tana rage tsamin ƙasa, shi ya sa inda aka ƙona tarin kara shuka ke yin kore shar a shekarar. Amma wuta ta riga ta cinye abin da zai ruɓe, naitirojin ya bi hayaƙi, tokar ma iskar bazara tana kwashe rabonta. Na san kara yana da masu nema da yawa, ga dabbobi, ga danga, ga murhu, ba kowa zai iya barinsa duka ba. Wanda ya ba dabbobinsa, sai ya tabbata kashinsu ya koma gonar da karan ya fito.

Wanda takinsa na gargajiya bai isa gona duka ba, gara ya zuba shi rami-rami ko layi-layi maimakon ya watsa, sa'an nan ya sa ɗan na zamanin kusa da shi tun lokacin shuka, ya rufe da ƙasa, don su haɗu a inda saiwa za ta fara bi. Sufa ko kamfa da aka watsa a saman ƙasa bayan masara ta kai gwiwa, fosforas ɗinsa yana nan a sama inda ya faɗi, saiwa kuwa tana can ƙasa. Mu 'yan ƙungiyar matasa manoma muna iya gwada wannan a gonar makaranta bana da kunya huɗu: ɗaya ba komai, ɗaya kashin awaki, ɗaya kamfa, ɗaya duka biyun a rami guda, mu riƙa auna tsawon masarar kowace Asabar, mu kuma auna abin da kowace kunya ta bayar ranar girbi.